Tarihin Lulu Vere Childers, Malamar da ta Kafa Makarantar Kiɗa da Waƙa ta Jami'ar Howard

Gabatarwa

A cikin harabar Jami'ar Howard da ke birnin Washington, hedikwatar ƙasar Amurka, akwai wani gini da ake koyar da kiɗa da waƙa a cikinsa, wanda aka raɗa wa sunan Lulu Vere Childers. Mai wannan suna baƙar fata ce, kuma iyayenta biyu a cikin bauta suka tashi. Ta zo jami'ar a shekarar 1905 ta tarar da kiɗa da waƙa a matsayin ƙaramin darasi, ta yi ritaya a 1942 ta bar cikakkiyar makaranta mai malamai da manhaja da ikon ba da digiri. Shekara 37 ta yi tana jagorancin wannan aiki, a zamanin da mace baƙar fata ba ta cika samun kujerar shugabanci a manyan makarantun ƙasar ba.

Wannan bayani zai duba asalinta da karatunta, da matakan da ta bi wajen gina makarantar, da kuma yadda wannan aiki na sannu a hankali ya kai ga wani babban al'amari a tarihin fafutukar baƙar fata na Amurka a shekarar 1939.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Lulu Vere Childers ranar 28 ga Fabrairu, 1870, a wani ƙaramin gari mai suna Dry Ridge a jihar Kentucky. Sunan mahaifinta Alexander, mahaifiyarta kuwa Eliza. Domin mai karatu ya fahimci halin da aka haife ta a ciki, ya kamata a san cewa Kentucky na cikin jihohin da bauta ta fi daɗewa a cikinsu. Sanarwar 'yanta bayi da Shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1863 ta shafi jihohin da suka yi tawaye ne kawai, Kentucky kuwa ba ta ɓalle daga tarayya ba, saboda haka bayin da ke cikinta suka ci gaba da zama a hannun iyayen gijinsu. Sai a watan Disamba na 1865, lokacin da gyara na 13 na tsarin mulkin ƙasar ya fara aiki, sannan doka ta kawo ƙarshen bauta a jihar. Ke nan shekara huɗu da 'yan watanni ne kacal tsakanin wannan rana da haihuwar Lulu.

'Yancin da aka samu a takarda bai kawo daidaito a makaranta ba. A jihohin kudu an ware wa 'ya'yan baƙar fata makarantunsu dabam, masu ƙarancin kuɗi da malamai da kayan aiki. Iyalin Childers sun yi ƙaura zuwa arewa tun Lulu tana ƙarama, suka zauna a garin Howell na jihar Michigan, inda doka ba ta hana yaro baƙar fata zama aji ɗaya da farar fata ba. A nan ta yi karatunta har ta kammala sakandare, kuma wannan gari ne ya zama gidanta har ƙarshen rayuwarta.

Karatu a Oberlin

Daga Howell ta wuce Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio. An kafa wannan kwaleji a 1833, ta fara karɓar ɗalibai baƙar fata a 1835, sannan a 1837 ta buɗe wa mata ƙofar karatun digiri tare da maza, abin da ya sa ta zama zakaran gwajin dafi a duk faɗin ƙasar. Makarantar kiɗa ta Oberlin, wadda aka buɗe a 1865, ita ce mafi daɗewa cikin irinta a Amurka da ba ta taɓa rufe ƙofa ba. Kafin Lulu, wata baƙar fata mai suna Harriet Gibbs ta kammala karatu a can a 1889, wadda daga baya ta kafa tata makarantar kiɗa mai zaman kanta a Washington a 1903.

Yana da kyau a ɗan yi bayani a kan abin da ake koya a irin wannan makaranta, tun da ya bambanta da yadda aka saba koyon kiɗa da waƙa ta hanyar gado da bin ubangida. A tsarin Turawa, kiɗa yana da rubutunsa. Ana zana layuka biyar a jere, a ɗora wasu alamomi a kansu ko a tsakaninsu, kowace alama tana nuna tsayin sauti ko zurfinsa da kuma tsawon lokacin da za a ja shi. Wanda ya iya karatun waɗannan alamomi zai iya rera waƙar da aka tsara shekara ɗari biyu da suka wuce, ko da bai taɓa jin kowa ya rera ta ba. Bayan karatu da rubutu, ɗalibi yana koyon ƙa'idojin haɗa sautuka dabam-dabam su tashi tare ba tare da sun yi karo ba, da tarihin mashahuran masu tsara kiɗa, da kaɗa piyano, da horar da kunne ya riƙa tantance sauti. Mai koyon waƙa kuma yana koyon sarrafa numfashi da furta kalmomin harsunan da aka rubuta waƙoƙin da su, musamman Italiyanci da Jamusanci da Faransanci.

A ƙungiyar mawaƙa ta wannan tsari, ana kasa muryoyi kashi huɗu: siririyar muryar mata, da kakkaurar muryar mata, da muryar maza mai tashi sama, da muryar maza mai zurfi. Kowane kashi yana da nasa layin, amma duk a lokaci guda suke rerawa. Lulu Childers tana da kakkaurar muryar mata, wadda ake kira kwantiralto, kuma a fannin murya ta ƙware. Ta kammala karatunta a 1896.

A wannan shekara ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plessy da Ferguson, inda ta halatta wa jihohi su raba baƙar fata da farar fata a jiragen ƙasa da sauran wuraren jama'a, bisa da'awar cewa za a ba kowane ɓangare abu daidai da na ɗaya. Wannan hukunci ya ci gaba da zama ginshiƙin wariya a makarantun gwamnati har zuwa 1954. Saboda haka dukkan shekarun aikin Malama Childers, daga ranar da ta karɓi takardar shaidarta har ranar da ta rasu, a ƙarƙashin dokar wariya ta yi su.

Shekarun Farko na Koyarwa

Ga mace baƙar fata mai irin wannan horo, dandalin manyan gidajen waƙa a rufe yake a wancan lokaci. Hanyar da ta rage ita ce koyarwa. Ta fara da makarantun gwamnati a jihar Ohio, daga nan ta nufi kudu, ta koyar a Kwalejin Wiley da ke garin Marshall na jihar Texas, sannan ta koma Kwalejin Knoxville a jihar Tennessee. Coci-coci ne suka kafa waɗannan kwalejoji biyu a shekarun 1870 domin ilmantar da bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu.

Waƙa tana da muhimmin matsayi a irin waɗannan kwalejoji, kuma akwai dalili. A 1871 Jami'ar Fisk da ke Nashville ta shiga matsanancin rashin kuɗi har ana fargabar rufe ta, sai ta tura ɗalibai tara yawon rera waƙoƙi a biranen arewa domin neman taimako. Ƙungiyar ta yi suna, ta ƙetara har Ingila inda ta yi waƙa a gaban Sarauniya Victoria a 1873, kuma da kuɗin da ta tara aka gina babban gini na farko na jami'ar. Tun daga nan shugabannin kwalejojin baƙar fata suka ɗauki ƙungiyar mawaƙa a matsayin hanyar tara gudunmawa da tallata makaranta. Amfanin wannan a fili yake, sai dai ya sa an fi kallon waƙa a matsayin abin neman taimako da ƙawata taro, ba a cika ɗaukar ta fannin ilimi mai zaman kansa kamar lauya ko likitanci ba. Wannan fahimta ce Malama Childers ta shafe rayuwarta tana ƙoƙarin sauyawa.

Zuwanta Jami'ar Howard

An kafa Jami'ar Howard a 1867, aka sanya mata sunan Janar Oliver Otis Howard, shugaban hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa domin kula da bayin da aka 'yanta. Ta bambanta da sauran kwalejojin baƙar fata ta fuska biyu: tana cikin babban birnin ƙasa, kuma majalisar dokokin tarayya tana ware mata kuɗi. Tana da makarantar likitanci da ta lauya da ta ilimin addini tun shekarunta na farko. Kiɗa da waƙa kuwa ana koyar da su ne a matsayin ɗan ƙaramin sashe na horar da malamai.

A 1905 aka ɗauki Malama Childers ta shugabanci wannan sashe, tana da shekara 35. A tsakanin 1913 da 1914 sashen ya samu cin gashin kansa a matsayin cibiyar koyar da kiɗa, sannan wajen 1918 ya zama cikakkiyar Makarantar Kiɗa da Waƙa, ɗaya daga cikin tsangayoyin jami'ar, ita ce kuma shugabarta. Abin lura shi ne ta hau wannan matsayi tun kafin gyaran tsarin mulki na 1920 da ya ba matan Amurka 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar.

Matakan Gina Makarantar

Mataki na farko shi ne manhaja. Ta tsara darussa a matakin jami'a, bisa irin tsarin da ta gani a Oberlin, ta yadda ɗalibi zai bi su shekara bayan shekara har ya cancanci digiri. Muhimmancin wannan shi ne takardar shaida. Mai zaƙin murya da ba shi da takarda yana iya yin waƙa a coci ko a wajen biki, amma hukumar ilimi ba za ta ɗauke shi aikin koyarwa ba, kuma babbar makaranta ba za ta karɓe shi ƙarin karatu ba. Da digirin Howard a hannu, ɗan baƙar fata ya samu abin da zai ajiye a gaban kowace hukuma.

Mataki na biyu shi ne malamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Malama Childers ba ta ji tsoron ɗauko waɗanda sunansu zai iya rufe nata ba. A zamaninta ne Roy Tibbs, wanda shi ma ɗan Oberlin ne, ya zo ya koyar da piyano kuma ya jagoranci ƙungiyar mawaƙa maza. Camille Nickerson ta zo daga New Orleans a 1926. Louia Vaughn Jones, gwanin goge irin na Turawa wanda ya yi shekaru yana wasa a Turai, ya zo a farkon shekarun 1930, haka ma Todd Duncan mai koyar da murya. Hazel Harrison, wadda ta kaɗa piyano tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Berlin tun a 1904, ita ma ta shigo a shekarun 1930. Akwai kuma Cecil Cohen, malamin piyano, wanda za a sake jin sunansa a gaba. Wariyar da ta hana waɗannan gwanaye aiki a manyan makarantun farar fata ita ce ta sa aka same su, amma sai da aka samu shugabar da ta tanadi wurin da ya dace da su kafin suka taru a inuwa guda.

Mataki na uku shi ne ƙungiyar mawaƙa ta jami'a, wadda ita da kanta take horarwa kuma take jagoranta. A ƙarƙashinta ƙungiyar ta gabatar da manyan ayyuka masu ɗaukar sa'o'i, irin waɗanda ake buƙatar watanni ana bita kafin a fito da su. Daga ciki akwai Messiah na George Frideric Handel, wanda aka tsara a 1741, da Elijah na Felix Mendelssohn, da Hiawatha na Samuel Coleridge-Taylor. Wannan na ƙarshe yana da matsayi na musamman a zukatan baƙar fatan Washington, domin mai tsara shi, wanda aka haifa a Landan a 1875, ɗan wani likita ne mutumin Saliyo, kuma ya ziyarci birnin a 1904 inda aka yi masa gagarumar tarba. A lokacin da wasu ke yaɗa cewa baƙar fata ba shi da basirar da zai iya irin wannan kiɗa mai wuyar ƙa'ida, kowane taro da ƙungiyar ta gabatar amsa ce da kowa zai iya ji da kunnensa.

Mataki na huɗu shi ne buɗe ƙofa ga jama'ar gari. Makarantar ta kafa sashen koyar da yara ƙanana, wanda Camille Nickerson ta daɗe tana kula da shi, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai son ƙwarewa a piyano ko goge dole ya fara tun yatsunsa suna da taushi. Bugu da ƙari, an riƙa shirya jerin tarukan kiɗa da waƙa a kowace shekara, inda ake gayyato mashahuran mawaƙa. A birnin da yawancin gidajen wasa ke hana baƙar fata shiga ko su ware musu kujerun baya, waɗannan taruka sun zama wurin da iyali za su je su zauna cikin mutunci su saurari gwanaye.

Muhawara a kan Waƙoƙin Bayi

Akwai wata muhawara da ta dabaibaye duk makarantun baƙar fata a wancan zamani, wato matsayin waƙoƙin addini da bayi suka ƙirƙira a gonakin kudu. Wasu suna ganin su ne gado mafi daraja da baƙar fata suka bai wa Amurka. Wasu kuma, musamman matasan da aka haifa bayan bauta, suna ganin masu ba da gudunmawa farar fata suna son jin su ne domin suna tuna musu da zamanin da baƙar fata ke ƙarƙashinsu. A Howard kanta, a 1909, ɗalibai sun ƙi rera irin waɗannan waƙoƙi lokacin da shugaban jami'ar na wancan lokaci, wanda farar fata ne, ya nemi a riƙa yin su.

Makarantar da Malama Childers ta gina ta ba kowane ɓangare wurinsa. Ɗalibi yana koyon ayyukan Turai da cikakkiyar ƙa'idarsu, a lokaci guda kuma a cikin malamansa akwai irin su Camille Nickerson, wadda ta tattara tsofaffin waƙoƙin baƙar fatan jihar Louisiana masu gaurayen Faransanci, ta rubuta su, ta kuma riƙa rera su a dandali domin kada su ɓace. Ilimin rubutun kiɗa da aka koyo daga Turawa shi ne ya zama abin adana gadon kakanni.

Ɗalibanta

Fitacciya cikin ɗalibanta ita ce Lillian Evans, 'yar Washington, wadda ta kammala digiri a 1917 kuma duniya ta san ta da suna Madam Evanti. Da ta ga babu gidan opera a Amurka da zai ɗauke ta, wato gidan wasan kwaikwayon da ake rera dukkan zantukansa da waƙa, sai ta tafi Turai. A 1925 ta fito a matsayin tauraruwa a wasan Lakmé a birnin Nice na Faransa, kuma ana lissafa ta a matsayin baƙar fatar Amurka ta farko da ta yi waƙa da cikakken kamfanin opera na Turai. A 1934 ta yi waƙa a fadar shugaban Amurka.

Sai dai mafi yawan waɗanda suka fito daga makarantar ba su yi irin wannan suna ba. Sun zama malaman kiɗa a makarantun firamare da sakandare na baƙar fata, da masu kaɗa piyano da jagorantar mawaƙa a coci-coci, da malamai a wasu kwalejoji. Ta hannunsu ne horon da aka bayar a Howard ya isa ƙananan garuruwan da Malama Childers ba ta taɓa takawa ba, kuma a nan ne mafi yawan amfanin aikinta ya tabbata.

Al'amarin Marian Anderson na 1939

Marian Anderson, wadda aka haifa a Philadelphia a 1897, tana da irin muryar Malama Childers, wato kwantiralto, kuma akwai abota a tsakaninsu. Tana budurwa wata makarantar kiɗa a garinsu ta ƙi karɓar ta saboda launin fatarta. Daga baya ta yi suna a Turai, har mashahurin jagoran makaɗa Arturo Toscanini ya bayyana muryarta a 1935 a matsayin irin wadda ba a ji sai sau ɗaya a shekara ɗari. A shekarun 1930 Makarantar Kiɗa ta Howard ta riƙa gayyato ta cikin jerin tarukanta, kuma kowace shekara masu son saurare suna ƙaruwa, har wuraren da aka saba haya suka yi kaɗan.

A farkon 1939 jami'ar, ta hannun Cecil Cohen mai kula da shirin tarukan, ta nemi hayar Constitution Hall, zauren taro mafi girma a birnin, mai ɗaukar mutum kusan 4,000. Zauren mallakar ƙungiyar DAR ne, wato ƙungiyar mata jikokin waɗanda suka yi yaƙin neman 'yancin Amurka, kuma tana da ƙa'idar cewa farar fata kaɗai ke hawa dandalinsa. Aka hana. Jami'ar ta juya ga hukumar ilimi ta birnin ta nemi zauren wata babbar sakandare ta farar fata, nan ma aka hana, daga baya aka yarda bisa sharaɗin cewa ba za a sake neman irin wannan alfarma ba, sharaɗin da aka ƙi amincewa da shi.

Maganar ta bazu a jaridu. Aka kafa kwamitin jama'ar gari ƙarƙashin Charles Hamilton Houston, lauyan da ya taɓa jagorantar makarantar lauya ta Howard. A watan Fabrairu uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga ƙungiyar DAR domin nuna rashin amincewarta. Walter White, sakataren ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, da sauran masu ruwa da tsaki suka kawo shawarar a yi taron a fili, sakataren harkokin cikin gida Harold Ickes kuma ya ba da izinin amfani da matakalar ginin tunawa da Shugaba Lincoln.

Ranar Lahadi 9 ga Afrilu, 1939, wadda ta dace da bikin Ista, kimanin mutum 75,000, baƙi da farare a cakuɗe, suka taru suka saurari Marian Anderson, wasu miliyoyi kuma suka ji ta a rediyo. Tun daga ranar wannan wuri ya zama dandalin masu neman haƙƙi, kuma a kan wannan matakala ce Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a 1963. A 1943 Marian Anderson ta yi waƙa a cikin Constitution Hall ɗin da aka hana ta, sannan a 1955 ta zama baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a gidan opera na Metropolitan da ke New York.

Idan ana ba da wannan labari, sunayen da aka fi ambata su ne na mawaƙiyar da uwargidan shugaban ƙasa da sakataren gwamnati. Amma asalin maganar takardar neman hayar zaure ce daga wata makaranta. Kafin a rubuta wannan takarda, sai da aka samu makarantar da ke da martabar gayyato mawaƙiyar da duniya ke ji da ita, da jama'ar da aka saba musu da zuwa sauraro har suka fi ƙarfin ƙananan zauruka. Waɗannan abubuwa biyu su ne Malama Childers ta shafe shekara 34 tana tanada kafin wannan rana.

Ritaya da Rasuwarta

Ta ajiye aiki a 1942 tana da shekara 72, aka naɗa Warner Lawson ya gaje ta. Ta koma garin Howell inda ta tashi, kuma a can ta rasu ranar 6 ga Maris, 1946, kwana shida bayan ta cika shekara 76. Ba ta ga hukuncin 1954 da ya soke wariya a makarantun gwamnati ba. A farkon shekarun 1960 jami'ar ta buɗe sabbin gine-ginen fannin fasaha, ta sanya wa na koyar da kiɗa sunanta.

Makarantar ta ci gaba da yaye gwanaye bayan rasuwarta. Roberta Flack ta shige ta tana da shekara 15 ta kammala a 1958, Donny Hathaway ya yi karatu a can, Jessye Norman kuma, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan opera na duniya, ta kammala a 1967. Ta fuskar Nijeriya ma akwai alaƙa. Dokta Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru kuma shugaban ƙasa na farko, ya yi karatu a Howard a ƙarshen shekarun 1920, lokacin Malama Childers tana kan kujerarta. Haka kuma Fela Sowande, mashahurin mai tsara kiɗa ɗan Nijeriya, ya koyar a jami'ar daga 1968 zuwa 1972. A yau sashen kiɗa yana ƙarƙashin Kwalejin Fasaha ta jami'ar, wadda a 2021 aka sanya wa sunan ɗan wasan fim Chadwick Boseman, tsohon ɗalibinta.

Kammalawa

Lulu Vere Childers tana da muryar da za ta iya neman suna da ita, amma ta ba da ƙarfinta ga aji da ofis: tsara manhaja, neman malamai, bita da ɗalibai, da shawo kan hukumar jami'a ta ɗauki kiɗa da waƙa a matsayin ilimi. Irin wannan aiki ba ya fitowa a kanun labarai, kuma sakamakonsa ba ya bayyana a shekara ɗaya ko biyu. Ma'aunin da ya fi dacewa a auna shi da shi shi ne abin da ya faru bayan mai shi ta tashi daga kujera. Ta bar manhajar da wani zai iya ɗauka ya ci gaba, da malaman da suka iya aiki ko ba ta nan, da tsofaffin ɗalibai da ke turo nasu ɗaliban. Fiye da shekara 80 bayan ritayarta, har yanzu ana koyar da kiɗa da waƙa a Jami'ar Howard, a cikin ginin da ke ɗauke da sunanta.